Zanen Gwaggo Mai Tsuntsaye

A gidanmu baba biyu ne. Akwai baban da ke cikin rami, wanda ake rini da shi, akwai kuma Baban da ke zaune bakin rami, wanda ya haife ni. Duk biyun ba su son gaggawa, duk biyun kuma sun bar mani alama a jiki, ɗaya a farce, ɗaya a kunne.

Mu marina ne a Ƙanƙara tun kakan kakana. Wanda bai san aikin karofi ba sai ya ga kamar hutu ne. Ka tsoma zane a rami, ka ɗaga, ka jira iska ta sha shi ya juye daga kore zuwa shuɗi, ka sake tsomawa. Haka tun hantsi har la'asar, kana tsugune kamar kaza kan ƙwai. Ni kuwa Allah bai yi ni da zama ba. Inna takan ce da tsutsa a gindi aka haife ni. Makarantar allo ban wuce izu biyu ba na gudu. Boko kuwa sai da na yi gemu na shiga yaƙi da jahilci wata huɗu. Jahilcin ne ya ci yaƙin, amma na tsira da 'yan baƙaƙen nan da nake rubutu da su.

Abin da zan faɗa ya faru ina da shekara ashirin da 'yan kai, saura shekara biyar ko shida Bature ya naɗe tabarmarsa. Da kaka ne, Baba ya aike ni 'Yankara in kai wa Gwaggo, yayarsa, zannuwan da ta ba da rini. Gwaggo daddawa take sayarwa a kasuwar garin, kuma duk wanda ya san daddawa a wannan yanki ya san tata. Ita kaɗai ce a duniya take kiran Baba da "kai yaro" ya amsa.

Na sauke kaya, maimakon in juya gida sai ƙafata ta ja ni fuloti, inda ake awon auduga. Can na ga wani lebura yana bin buhuna da ke kwance a ƙasa, da wani ɗan fallen gwangwani a hannu. Ya ɗora gwangwanin kan buhu, ya goga baƙin ruwa da buroshi, ya ɗaga. Sai ga tsuntsu. Fiffike biyu a buɗe, sak shamuwa in ta yi nisa a sama. Ya matsa gaba, ya sake, ga wani tsuntsun. Kafin marini ya ɗaga zane ɗaya daga rami, mutumin nan ya saki garke guda.

Ban tambaye shi komai ba. Na ɗauka Bature ne da son ado, har buhunsa sai ya yi masa zane. Na tsinci gawayi, na juya cikin taguwata, na kwaikwayi tsuntsun a jiki, na kama hanya. Ban san lokacin da na iso Ƙanƙara ba.

A shekarun nan atamfa ta fara cika kasuwa, mata sun fara wuce baƙin zanenmu suna tsayawa gaban mai furanni. Na zauna gaban Baba na zuba masa bayani, na ce mu ma za mu iya buga ado a zane da gwangwani, a rana ɗaya mu yi abin da muke yi a mako. Ya bar ni na gama tsaf, yana motsa rami da muciya, sannan ya ce, "Wannan shafe ne, ba rini ba. Rini ciki yake shiga. Shafe bisa yake kwana, ruwa ya zo ya tashe shi."

Na nace. Na yi kwana uku ina binsa har masallaci. Da ya ga zan hana shi sakat sai ya yanke mani magana gaban sauran marina. Ya ce ya sake ni daga rami har ranar da shamuwa za ta sauka kan kukar da ke bayan karofi. Kafin nan in kawo zane cikakke, wanda mutum ya ɗaura ya shiga jama'a da shi, aka wanke sau uku da sabulun salo bai zuba ba. In na kawo, ya ba ni inuwar kukar in yi haukata a ciki, ba mai ce mani uffan. In shamuwa ta riga ni, in karɓi muciya, kuma kada ya ƙara jin kalmar gwangwani a bakina har ya koma ga Allah. Na ce na yarda, da sauri ma, don a raina mako biyu ya ishe ni.

Washegari na tafi Faskari wurin wani maƙerin farfaru, da tsohuwar garwar kananzir a ka. Na tuɓe taguwa na nuna masa. Ya dubi zanen gawayin, ya dube ni, ya yanka mani tsuntsu uku a jere. Shi ma bai san ko bihim ba, Allah ya jiƙansa, don haka ba na riƙe shi da laifi.

Na fara da abin da na sani. Na ɗebo ruwan baba a ƙoƙo na goga kan fari, wato saƙar gida. Ruwan ya bi ƙarƙashin gwangwani ya malale, tsuntsun ya fito kamar kwaɗon da jaki ya taka. Na ce kauri ne babu, na dama shi da ƙaro. Ya tsaya cak, gwanin kyau. Na kai bakin rijiya, wanki ɗaya ya tafi kamar ba a taɓa yi ba. Ranar na gane abin da kowane yaron karofi ya sani ni ban tsaya na sani ba: baba in ya bar raminsa ya sha iska a ƙoƙo, ya mutu. Gawa nake ta shafawa.

Baba yakan wuce ta inda nake shanya, bai ko rage tafiya, ya ce, "Ya kama?" In ce saura kaɗan. Ya ce to.

Daga nan na shiga hauka sosai. Shuni na gwada, na gwada bula ta masu wanki, dukansu kyau kamar amarya, ruwa na taɓa su su yi sallama. Karan dafi ya ba ni ja mai kyau, amma fari ya shanye shi ya baza, fiffike ya haɗe da fiffike. Gangamau ya ba ni rawaya a jikin yadin alawayyo, ya ɗan jure wanki, na fara rawa, rana ta cinye shi cikin kwana uku a kan igiya. Har tawada na roƙa wurin malamin unguwarmu. Da na koma ina ƙorafin ta wanke, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce ai don a wanke a sha aka yi ta, ban taɓa shan rubutu ba ne?

Buroshin ma matsala ne. Ni ba ni da irin na fuloti, asawaki nake taunawa ya yi gashi, wani wuri ya cika, wani wuri ya rama. Wata safiya ina kallon Inna tana tankaɗe, na ga yadda gari ke sauka bai ɗaya a faifai, ba tudu ba kwari. Tana shiga ɗaki na sure rariyar. Na kife ta bisa gwangwani, na zuba damammen shuni, na ja shi da sakaina. Na ɗaga. Tsuntsu ya fito da bakinsa tsaf, kamar an yanka da aska. Na wanke rariyar, a ganina tas, na mayar inda take.

Tuwon ranar ya zo da wani launi kamar sararin sama. Inna ta tsaya kaina da muciyar tuwo tana lissafa mani abin da na ɓata tun ina rarrafe. Baba kuwa ya gutsura, ya duba, ya kai baka. Sai da ya haɗiye ya ce, "Tuwon dai ya kama." Rariyar ta zama tawa, don Inna ta ce ko kyauta ba ta so.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Ban iya zama gida, ban iya barin gida. In na shanya ƙyalle sai in kasa jiran ya bushe, in taɓa da yatsa in ɓata. In tafi kasuwar wani gari neman wani launi, in dawo in tarar awaki sun tauna na jiya. Kowace safiya kafin in wanke ido sai na leƙa kan kukar nan.

Akoko ne ya fi wulaƙanta ni, wannan farin yadin kanti mai arha. Komai na buga masa sai ya karɓa da fara'a, a wanke, ya saki duka. Na tsane shi. Ranar nan don haushi na cusa gefensa a baka na tauna, sai na ji ɗanɗanon gari. Ashe da kwaskwarima yake zuwa daga kanti, an cika shi da wani abu kamar koko don ya yi nauyi ya yi santsi. Duk wahalar da nake, garin nake wa ado, ba zaren ba. Na tafasa shi, na wanke, na buga a dutse har ya yi laushi. Ya fara riƙe launi, amma riƙon mai jin kunya, wanki biyu ya dushe. Zane na samu ke nan, saura abin da zan buga masa.

Wannan a Damari na same shi, can ƙasar Sabuwa. Ƙaro na je nema a dajin wajen, takalmina ya tsinke, na zauna gaban wani tsohon baduku ya ɗinke mani. Ina kallon wata tsohuwar jaka da ke rataye, fatar ta koɗe ta tsage, amma baƙin zanen da ke jikinta na nan daram. Na tambaye shi. Ya ce kuloko ne, kashin maƙera ake jiƙawa a ruwa mai tsami kwana da kwanaki. Na ce ya sam mani. Ya ce in ɗiba, amma in sani kuloko shi kaɗai ruwan banza ne, ba ya cizo sai inda bagaruwa ta riga ta shiga, shi ya sa yake kama fatar da aka jeme. Na ce to in aka jeme zane fa? Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Yaro, a garinku zane ake fiɗa?"

Ban jira na kai gida ba. A nan bayan rumfarsa na daka bagaruwa, na jiƙa ƙyallen akoko ya yi launin ƙasa-ƙasa, na shanya. Na dama kuloko da ƙaro, na kife rariya, na ja sakaina, na ɗaga. Wani abu ya fito fari-fari, toka-toka, kamar sawun majina. Na yi tsaki, na wurgar da shi kan ƙaya, na shiga daji ina zagin kaina da baduku da Bature. Da na gaji na dawo ɗaukar takalmina, sai ga tsuntsaye uku baƙi ƙirin a kan ƙaya. Iska ce ta nuna su, kamar yadda take nuna baba. Wata huɗu ina gudun jira, ashe shi ma wannan sai an jira shi.

Na wanke ƙyallen a rafi har hannuna ya yi fari. Suna nan.

A hanya na ga gabas ta fara haɗa gira. Ƙyalle kuwa ba zane ba ne, sharaɗin Baba sai zane cikakke a jikin mutum. Ban nufi Ƙanƙara ba, 'Yankara na miƙe. Gwaggo na da akoko da ta ajiye a ƙasan adudu, kuma na san duk abin da zai sa ƙanenta ya ji kunya tana so. Ta juya ƙyallen, ta shinshina, ta ce in na ɓata mata yadi za ta daka ni tare da kalwa. Sannan ta miƙo shi.

Na ciro ƙyauren ɗakinta na kwantar a tsakar gida. Na shimfiɗa zanen a tsaye, tsawonsa ya miƙe gabana, na tsuguna daga ƙarshe ina bugawa ina ja. Kwana biyu na yi. Tsuntsaye sahu-sahu, sun fi ɗari, duk sun nufi sama. Matan gidan suka kewaye ni suna tafa hannu. Ni da kaina na ji ina girmama kaina.

Ranar kasuwa Gwaggo ta ɗaura. Abin da ban lissafa ba shi ne, zane a kwance ake ɗaura shi, tsawonsa ne ke zagaya ƙugu. Tana ɗaurawa sai tsuntsayena suka tashi daga shawagi suka tsaya kan fiffike ɗaya. Na lura, na ce ba komai, tsuntsu ai yana karkata.

Na laɓe bayan rumfar masu gishiri ina kallo. Mutane suka fara tsayawa. Wani ya taɓa wani ya nuna. Kafin azahar an yi cincirindo gaban faifan Gwaggo. Na matso don in ji yabo da kunnena. Sai na ji wani dattijo, manomi, yana tambaya da ladabi, "Gwaggo, wa ya auna ki?"

Ta ce wane irin awo?

Ya ce, "To ai na ga an buga maki lamba ukku, gaba da baya. Ke ce lamba ukkun ko daddawar?"

Kasuwa ta ɗauka. Auduga a fuloti kashi uku ake raba ta, lamba ɗaya mai kyau, lamba biyu dama-dama, lamba uku kuwa ita ce ƙazantar, mai datti da ƙwari, wadda ake saye kamar ana yi maka alfarma. Manoman nan ba su iya karatu ba, amma wannan ƙugiya biyun sun san ta kamar yadda suka san kunama, don ita ake buga wa buhun mutum ya koma gida yana haɗiyar zuciya. Mu marina ba mu kai auduga awo. Abin da na gani kwance a fuloti ba shamuwa ba ce, uku ce ta boko, buhun ne ke kwance. Har a jikin toro, kuɗin nan na kwabo uku, akwai ta, amma ni toro girmansa na sani, ban taɓa duba fuskarsa ba.

Na ga Gwaggo ta miƙe tana waige-waige. Ban tsaya mun haɗa ido ba. Rariyata da gwangwanina ma a gidanta na bar su.

Na iso Ƙanƙara ban ce wa kowa komai ba. Kwana huɗu ina zagaye gari kamar karen da ya ci kitsen mutane. Baba ya ce ya kama? Na ce saura kaɗan. Ran na biyar da hantsi na fito, sai ga shamuwa biyu kan kuka, suna gyara fiffike kamar gidan ubansu. Na tafi karofi da ƙafata, na tsuguna, na miƙa hannu a ba ni muciya. Ban kai ga karɓa ba na ji marina sun yi tsit.

Gwaggo ce, da ƙunshi a ka, ƙafafu fururu. Ko sallama a taƙaice ta yi. Ta kwance ƙunshin ta watsa zanen gaban Baba, ta jefo rariya da gwangwani suka bi bayansa. Ta ce shekara talatin tana sayar da daddawa ba a taɓa mayar mata da ko ƙwaya ba, yau yara na bin ta suna kiran daddawa lamba uku. Ta ce ɗansa ne, shi ya haifa, shi zai cire mata wannan abin. Ta ce ta sa sabulu, ta sa toka, ta sa kanwa, ta buga a dutse har zanen ya fara ɓulewa, la'anannun suna nan kamar da su aka saƙa shi.

Baba ya ɗauki zanen. Ya ɗaga shi ga rana. Ya juya bayansa ya ga baƙin ya ratsa. Ya lashi yatsa ya murza wuri ɗaya, ya duba yatsan.

"Yaya, sau nawa kika ce kin wanke?"

"Bakwai. Kai yaro, tambayar mi kake yi mani?"

"Kuma kin shiga kasuwa da shi."

"Da ban shiga ba mi zai kawo ni nan?"

Ya ɗaga kai ya dubi kuka da baƙin da suka sauka, ya dawo da ido kan zanen. Wani marini daga gefe ya ce ai shamuwa ta riga. Baba ya ce a'a, shamuwa yau ta zo, zanen kuwa tun ran kasuwar 'Yankara yake cin duka. Sannan, bai dube ni ba, ya ce, "Ya kama."

Ni dai ban san ko in yi murna ko in gudu ba, don Gwaggo ta riga ta tuɓe takalmi ɗaya.

Baba ya shiga tsakani. Ya ce mata abin da ya kama ba ya cirewa, sai dai a rufe shi, kuma wanda ya ɓata shi zai rufe. Ya miƙo mani zanen, ya nuna raminsa, wanda ya fi kowanne ƙarfi. Na tsuguna. In tsoma, in ɗaga, in jira iska, in sake. Gwaggo ta sa aka kawo mata tabarma ta zauna daidai ƙeyata, in na motsa ta ce ina za ka. Tun da aka haife ni ban taɓa zama wuri ɗaya kamar ranar ba. Sai da rana ta yi ja zanen ya yi baƙin da ya gamshe ta. Aka kai mabuga ya sha bugu ya yi ƙyalli. Amma in ka karkata shi ga haske, suna nan a ƙarƙashi, sahu-sahu. Na gani, Baba ya gani, ba wanda ya gaya mata.

Inuwar kukar ta zama tawa, da kashin shamuwa da komai. Kwana biyu bayan nan na zana sabon ado da gawayi, ganyen rogo ne. Kafin in kai Faskari a yanka, sai da na bi manoman auduga uku, da malamin unguwa, da wani yaron mota da aka ce ya iya boko, kowa na juya masa ƙyallen gabas da yamma, kudu da arewa, ina tambaya ko ya yi kama da wani abu.

Gwaggo ta ci gaba da ɗaura baƙin zanen har ya mutu a jikinta, daddawarta kuma ba ta fasa ƙarewa kafin la'asar ba. Ni ne dai ban tsira ba. Daga ranar ba ta ƙara kirana da sunan yanka ba sai Lamba Uku, marina suka ɗauka, 'yan kasuwa suka ɗauka. Jiya ma jikata ta leƙo zaure ta ce wani na sallama, wai yana neman gidan Alhaji Lamba Uku.